Baƙon da Ya Haifi 'Yan Gida: Zaman Mutanen Zango da Maƙwabtansu a Gana

Ranar Lahadi, 21 ga Afrilun 2019, ana tsakiyar bikin Ista a cocin Katolika na Christ the King da ke birnin Akra, sai ga wani dattijo cikin rawani ya shigo, muƙarrabansa na biye da shi. Aka ba shi kujera a sahun gaba, ya zauna. Shehu Usman Nuhu Sharubutu ke nan, Babban Limamin ƙasar Gana, wanda a ranar saura kwana biyu ya cika shekara ɗari a duniya. Mai masaukinsa kuwa Fada Andrew Campbell ne, mutumin Ayalan da ya zo Gana tun 1971, wanda aka fi sani da hidimar kutare. Kafin rana ta faɗi hotunan sun zaga duniya.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Cikin Musulmin Gana kansu akwai waɗanda suka ce Malam ya wuce gona da iri, me zai kai limami coci a ranar da ake bikin aƙidar da Musulmi bai yarda da ita ba? Amsar da ta fito daga wajensa ita ce ba ibada ta kai shi ba, zumunci ne, kuma yana so a matsa daga zaman jure wa juna zuwa zaman cuɗanya.

Mu da muka tashi da labarin Kaduna da Jos a kunne, idan muka ga irin wannan hoto sai mu yi ajiyar zuciya mu ce mutanen Gana Allah ya ba su, kamar dai haƙurin a ruwan shansu yake. Wanda ya bi tarihin zango ba zai faɗi haka ba. An tone kabari a Gana saboda mamacin baƙo ne. An loda mutane a manyan motoci an tsallakar da su iyaka. Zaman lafiyar da ake yabawa yana tsaye ne a kan wata tsohuwar yarjejeniya tsakanin mai gida da baƙo, wadda ba a taɓa rubutawa ba, da kuma wasu dattawa masu saurin isa wurin gobara tun tana hayaƙi. Yarjejeniyar ta yi aiki fiye da ƙarni guda. Matsalarta yanzu ita ce jikokin baƙon ba su ɗauki kansu baƙi ba, kuma suna da gaskiya.

Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Gana sun kai miliyan 30.8. Kirista su ne kashi 71 cikin ɗari, Musulmi kusan kashi 20, masu addinin gargajiya kashi 3 da 'yan kai. Musulmin nan ba duka ne mutanen zango ba. Akwai Dagomba da Gwanjawa da Wala da Mamprusi a arewa, waɗanda Musulunci ya daɗe a gidajen sarautarsu, akwai kuma Fante da Asante da Ga da suka musulunta. Amma a biranen kudu, inda coci ke kowace kusurwa, idan aka ce Musulmi, zango ne ke fara zuwa a ran mai sauraro.

Goro ne ya kai su

Kalmar ba ta bukatar fassara ga Bahaushe. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Tun kafin Bature ya ja layi a taswira, fataken Kano da Katsina kan ɗaure wa jakai kanwa da tufafin rini da kayan dukanci, su bi ta Yawuri su haye Kwara, su ratsa Bargu, su ɓulla Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiyar watanni ce, madugu ne ke riƙe da ragamar ayari, shi ke ciniki da kowane sarki a kan kuɗin fito. Abin da suke nema goro ne, wanda ke fitowa daga dazukan Asante, mutanen da fatake ke kira Tonawa. Kada kuma a yi wa tarihin kwalliya: kasuwar Salaga ta sayar da bayi da yawa, kuma fataken namu suna cikin masu saye da sayarwa.

Hausawa ba su ne Musulmin farko a wannan yanki ba. Wangarawa sun riga su da ƙarnoni, suna bin zinariya. Su ne suka zo da koyarwar da ake dangantawa da Alhaji Salim Suware, malamin da ya tsara wa almajiransa yadda Musulmi zai zauna ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba: ya riƙe addininsa da ilminsa, ya bi dokar gari muddin ba a hana shi ibada ba, ya bar shiriya a hannun Allah, kada ya ɗauki takobi don musuluntar da kowa. Wannan fahimta ta dace da ɗan kasuwa ƙwarai, domin mai neman goro ba ya faɗa da mai gonar goro.

Sarakunan Asante ma sun ga amfanin baƙin. Lokacin da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya isa Kumasi a 1817, ya tarar da malamai a fadar Osei Bonsu suna rubuta wasiƙu da Larabci, suna yi wa sarki addu'a, suna ɗinka layu. Har yau babbar rigar yaƙin sarkin Asante cike take da layu. Sai dai akwai iyaka da kowa ya sani. Ɗaya daga cikin sarakunan da suka gabata, Osei Kwame, an tuɓe shi, kuma cikin laifukan da aka ɗora masa har da karkata ga Musulunci fiye da kima. Wato malam na iya zama kusa da karaga, amma karagar ta kakanni ce.

A 1892 yaƙin basasa ya ci Salaga, mutanenta suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da bakin teku. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, malami kuma marubucin waƙoƙi da Hausa da Larabci, wanda ya rasu a can a 1934. Ta wata hanyar kuma wasu suka zo cikin kaki. Turawa sun yi amfani da dakarun da ake kira Hausawan Glover a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, daga baya suka kafa rundunar da suka laƙaba wa sunan Hausa ko da yake ba duka ne Hausawa ba. Haka Hausa ta zama harshen bariki. Da gonakin koko da ma'adinai suka buɗe, sai Mosawa da Zabarmawa da Kotokoli da Yarbawa da Fulani suka yi ta kwararowa neman aiki da ciniki. Alhassan Ɗantata kansa ya yi zaman Akra a ƙuruciyarsa, ya kuma yi fataucin goro daga can kafin gyaɗa ta ɗaga sunansa a Kano.

Kowa ya zo, zango yake sauka. A Akra Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20 a filin da ya samu daga sarakunan Ga. Nima ta taso a shekarun 1930 a kan filin da aka bai wa Malam Futa. Tsarin ɗaya ne a ko'ina: sarkin gari ya yanka wa baƙi fili a bayan gari, baƙi su naɗa sarkin zango, kowace ƙabila ta yi nata shugaba a ƙarƙashinsa, su yi sallarsu da aurensu da shari'ar ƙananan rigingimunsu, idan bikin gari ya zo su kai gaisuwa. Ba a tambayar baƙo me yake bauta wa. Shi ma ba ya tambayar wa ya mallaki ƙasa, don ya san amsar.

A cikin zangon ne aka samu wani sabon mutum. Ɗan Mosi da 'yar Kotokoli suka yi aure, 'ya'yansu suka tashi da Hausa a baki, Hausar da ta ɗan saki wasu ƙa'idojin Kano ta kwaso kalmomin Twi da Turanci. Su kuma masu gida suka karɓi abincin baƙi har suka manta na baƙi ne. Waakye da ake layi a kansa kowace safiya a Akra, shinkafa da wake ce, sunan ma daga wake ya fito. Tuo zaafi tuwon zafi ne. Koko da ƙosai kuwa sunansa na kasuwa Hausa koko, kuma mai zuwa coci da sassafe ba ya jin komai ya tsaya wajen Hajiya ya sha kafin ya wuce.

Ranar da aka tuna musu

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Sau biyu gwamnatin Gana ta ɗauki wannan magana da gaske.

Na farko a shekarar samun 'yanci. Mutanen zango sun kafa jam'iyyar Musulmi a 1954, ta haɗa kai da 'yan adawar Kwame Nkrumah. A 1957 gwamnati ta ba da umarnin korar manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan. Suka garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. Ana cikin shari'a majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, aka tasa ƙeyarsu zuwa Najeriya. A ƙarshen shekarar aka haramta duk jam'iyyar da aka gina a kan addini ko ƙabila ko yanki. Nkrumah ya yi dokar ne don karya abokan hamayya, amma abin mamaki ita ce ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan zaman lafiyar ƙasar, domin tsarin mulkin 1992 ya riƙe wannan haramci har yau.

Na biyu ya fi ciwo. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Wace takarda? Mutumin da kakansa ya zo da jaki kafin a san fasfo, wanda aka haifa a Kumasi bai taɓa ganin Kano ko Ilori ba, aka ce ya koma gida. Dubun-dubatar mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka cika tashoshi da bakin iyaka. Yarbawa ne abin ya fi shafa, amma Hausawa da Zabarmawa da Mosawa sun sha nasu. Shekara goma sha uku bayan haka, a Janairun 1983, gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda daga Najeriya, wajen 'yan Gana miliyan guda suka kwashe kayansu a cikin jakar nan mai ratsi-ratsi da har yau muke kira da sunan ƙasarsu. Duk wanda ke tsokanar ɗan Gana da wannan jaka, ya kamata ya san cewa kukan ya zagayo ne, kuma duka biyun talaka ne ya yi shi.

Zango bai manta da Busia ba. Jam'iyyar NPP ta fito ne daga gidan siyasarsa, kuma shekara da shekaru mazaɓu irin su Asawase a Kumasi da Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, suna hannun abokiyar hamayyarta NDC. A zaɓen 7 ga Disamban 2024 NPP ta tsayar da Musulmi, Mahamudu Bawumia, karo na farko da ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun biyu ta yi haka. Waɗannan mazaɓun suka tsaya inda suka saba, wajen ɗan takarar NDC John Mahama, Kirista. Bawumia ya amince da shan kaye washegari, tun hukumar zaɓe ba ta sanar ba.

Rigimar kabari

Idan mutum ya duba manyan rikice-rikicen da suka haɗa zango da 'yan gari a shekarun baya-bayan nan, zai lura da wani abu: ba kan wa'azi suke tashi ba, kan maƙabarta suke tashi.

A watan Yunin 2012, a garin Hohoe na yankin Volta, saɓani ya shiga tsakanin matasan zango da masarautar Gbi, masarautar ta ce kada Musulmi su ƙara binne gawa a ƙasarta. Ana cikin haka limamin garin ya rasu, aka binne shi. Da gari ya waye aka tarar an tone shi an yar a bakin hanya. Matasan zango suka kai hari gidan sarki, Togbega Gabusu, suka cinna wuta. 'Yan gari suka rama a kan shagunan zango. An rasa rayuka, dubban mutane suka gudu daga gidajensu, aka kafa dokar hana fita. A wata ƙasar, labarin an tone limami ya isa ya tayar da garuruwa goma kafin Juma'a. Sharubutu, yana da shekara 93, ya tashi ya tafi Hohoe da kansa, ya zauna da sarakuna, ya ja kunnen nasa. Wutar ba ta tsallaka zuwa wani gari ba.

A Fabrairun 2016 irin haka ta faru a Old Tafo, cikin Kumasi. Musulmi suka fara kewaye maƙabartarsu da katanga, masarautar Tafo ta ce filin nata ne, aka rushe, aka yi arangama, mutum ɗaya ya mutu, aka lalata wuraren ibada da dukiya. Nan ma Babban Limami ya je, sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya sa baki, aka kashe wutar.

Dalilin da ya sa kabari ke da zafi haka a bayyane yake. A kudancin Gana mafi yawan ƙasa tana hannun karagu da dangi, kuma ana ɗaukarta amanar kakannin da ke kwance a cikinta. Mai rai baƙo ne, zai iya tashi. Wanda aka binne kuwa ya zauna ke nan. Duk katangar da zango ya yi wa matattunsa, a idon sarkin gari da'awa ce ta mallaka. A idon ɗan zango kuma, wanda kakansa na uku ke kwance a wurin, tambayar sa izini cin fuska ne. Kowa na da hujja, shi ya sa taron limamai da fastoci a otal, ana shan shayi ana karanta ayoyin zaman lafiya, ba ya taɓa wannan ciwo. Wanda ya san sarki kuma matasa ke jin nauyinsa shi ne ke iya shiga tsakani.

Sau ɗaya dai rigimar ta zo ta bakin mai wa'azi. A daren shiga 2019 wani fasto mai yawan hasashe, Isaac Owusu Bempah, ya lissafa manyan da ya ce za su mutu a shekarar, ya sa sunan Babban Limami. Matasa suka afka wa cocinsa suka farfasa kaya. Malam ya tsawata musu, ya ce ya yafe, faston ya zo har gida aka sasanta. Wata huɗu bayan nan ne aka ga dattijon da aka yi wa hasashen mutuwa zaune a coci ranar Ista.

Ba shi kaɗai ba ne, ko da yake labarin ya fi daɗi idan aka ba da shi haka. Gana na da Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, wadda doka ta tabbatar a 2011. Kujeru goma sha uku ne, an raba mafi yawansu tsakanin Katolika da sauran manyan coci-coci da 'yan Pentikos, da Tijjaniyya da Ahlus Sunna da Ahmadiyya, da masu addinin gargajiya da majalisar sarakuna. Ita ke sa 'yan takarar shugaban ƙasa su rattaba hannu a kan alkawarin zaman lafiya kafin zaɓe. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Jerry Rawlings ta mai da ranakun Sallah biyu hutun ƙasa. Daga 2001 zuwa 2009 Aliu Mahama ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban ƙasa, Musulmi na farko a kujerar. Sannan akwai abin da ba doka ce ta kawo shi ba: gida ɗaya, addini biyu. Mahaifiyar John Mahama Musulma ce. Bawumia ya sha faɗa da bakinsa cewa yana yaro ya shiga ƙungiyar yara maza ta cocin Methodist. A irin wannan gida da wuya a koya wa yaro cewa wancan ɓangaren abokin gaba ne, domin wancan ɓangaren gwaggonsa ce.

Kada kuma a ɗauka Gana ba ta san jini ba. Yaƙin Konkomba da Nanumba na 1994 ya ci rayuka masu yawa. A 2002 aka kashe sarkin Dagomba, Ya Na Yakubu Andani, a Yendi, tsakanin gidajen sarauta biyu da duk Musulmi ne. Bawku har yanzu ba ta huce ba. Sarauta da ƙasa ke zubar da jini a can. Abin da 'yan siyasarsu ba su yi ba shi ne ɗaukar wannan jini su shafa masa sunan addini don neman ƙuri'a.

Azumi a makarantar mishan

Inda tsohuwar yarjejeniyar ke ƙara a yau shi ne makaranta. 'Yan Gana da yawa za su gaya maka makarantar kwana ce ta haɗa kansu: yaro daga Tamale a tura shi Cape Coast, ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Ewe da ɗan Fante, su ci abinci a kwano ɗaya shekara uku. Gaskiya ne. Amma mafi shaharar makarantun nan 'yan mishan ne suka kafa su, kuma ko da yake yanzu gwamnati ke biyan malamai tana tura ɗalibai, coci na ganin gidan nasa ne.

A azumin 2021 labari ya fito cewa makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast, wadda cocin Methodist ya kafa tun 1836, ta hana wata ɗaliba Musulma yin azumi. Makarantar ta ce dokarta ta hana kowace ɗaliba azumi, ko Kirista ce, saboda lafiya. Hukumar ilmi ta ƙasa ta ba da umarnin a bar masu azumi su yi. Cocin ya fito fili ya ce bai yarda da umarnin ba. Kafin wannan, a 2015, Musulmi sun yi zanga-zanga a Takoradi kan hana hijabi da tilasta wa ɗalibai halartar addu'ar safe. Majalisar Zaman Lafiya ta shiga tsakani, aka yi ta zama har aka fito da takardar fahimtar juna, amma a ƙarshen 2024 wani lauya Musulmi ya kai maganar Kotun Ƙoli.

Hujjar coci ita ce hujjar mai gida: mu muka gina, kun san dokarmu kafin ku shigo, wanda bai so ya nemi wata. Sukan ƙara da cewa Musulmi ma suna da makarantun da gwamnati ke tallafawa, kamar ta Ahmadiyya da ke Kumasi tun 1950, kuma ba wanda ya ce su sauke alamarsu. Hujjar iyayen yara kuwa ba ta baƙo ba ce. Ba alfarma suke roƙo ba, cewa suke yi harajinmu ke biyan albashin nan, kwamfutar gwamnati ce ta tura 'yarmu can, tsarin mulki kuma ya ba ta 'yancin addini. A ganina nan ne canjin yake. Kakanninsu da sun tura dattawa da goro a je a roƙi shugabar makaranta. Jikokin sun ɗauki lauya. Wasu na kallon haka a matsayin lalacewar zumunci. Ni ina ganin alama ce ta mutum ya yarda gidan nasa ne, don baƙo ba ya kai mai masaukinsa ƙara.

Ba Musulmi kaɗai ke wannan gwagwarmaya ba. A shekarar ta 2021 makarantar Achimota ta ƙi karɓar wasu yara biyu 'yan Rasta saboda gashin kansu, babbar kotu ta ce a karɓe su. Kuma duk shekara, idan sarakunan Ga suka hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikin Homowo, da coci-cocin Pentikos masu ganguna da lasifika ake kai ruwa rana. A wannan karon Kirista ne ke jin ana gaya masa ƙasar tana da masu ita.

Sunan zango kansa yana da nauyin da ba a gani a hoton Ista. A bakin wasu 'yan birni, ɗan zango na nufin ɗan daba, wanda ɗan siyasa ke haya ranar zaɓe. Unguwannin cunkushe suke, magudanan ruwa a buɗe, makarantu kaɗan. A Yulin 2018 'yan sanda suka harbe matasa bakwai daga zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami hujjar haka ba, aka biya iyalansu diyya. Mai suna Fulani ko Hausa da ya je karɓar katin ɗan ƙasa yakan sha tambayar daga ina kakanka ya zo, tambayar da ba a yi wa mai suna Mensah. Gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa ma'aikatar raya zango da asusu na musamman a 2017. Ma'aikatar ba ta wuce zango ɗaya na mulki ba, aka rushe ta a 2021. Amma daga lungunan Nima ɗin nan ne Mohammed Kudus ya fito, kuma ranar da ya ci wa Gana ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 2022 ba wanda ya nemi takardar kakansa.

A Yulin 2021 aka buɗe babban masallacin ƙasa a Akra, ginin Turkawa mai siffar masallatan Istanbul, mai ɗaukar mutum 15,000. Wata guda bayan haka Sharubutu ya kai gudummawar sidi 50,000 ga ginin babban cocin ƙasa da Akufo-Addo ya yi alkawari. Cocin bai tashi ba, an kashe dala miliyan hamsin da wani abu, rami ne kawai a wurin. Kuɗin Malam na cikin ramin tare da na kowa.

Tambayar da ake yi a zaure, ba a cika yinta a rediyo ba saboda kunya, ita ce wa zai gaje shi. Muƙamin Babban Limami ba ya cikin tsarin mulki, ba shi da rubutacciyar ƙa'idar gado da kowa ya amince da ita. Tun 1993 da ya hau, girmansa ne ke riƙe da kujerar. Shi Batijjane ne, kuma a shekarun 1990 an yi artabu tsakanin 'yan Tijjaniyya da Ahlus Sunna a garuruwa da dama, har sai da dattawa irinsa suka yi ta bi suna lallashi. Ahlus Sunna na da nasu limamin na ƙasa, 'yan Shi'a na da nasu, Ahmadiyya na da amirinsu. Musulmin arewa, waɗanda ba wanda ya taɓa kiran su baƙi, wasunsu na ganin lokaci ya yi da kujerar za ta bar hannun zango.

Kafin wannan rana ta zo, gidansa da ke Fadama bai rabu da baƙi ba. 'Yan takara na zuwa, jakadu na zuwa, bishop-bishop na zuwa, shugabannin 'yan sanda na zuwa idan wata unguwa ta fara ɗumi. Su cire takalmi su zauna. Dattijon da aka haifa a tsakiyar Akra a 1919, shekara 38 kafin a sami ƙasa mai suna Gana, ya yi magana a hankali da Hausa, kakakinsa Shehu Armiya'u Shu'aibu ya juya musu da Turanci.